Noman ƙaton bitrut a bayan gida: nazarin fangali ɗaya a Rijiyar Zaki

Gidan da wannan nazari ya shafa yana Rijiyar Zaki a Kano, irin gidajen nan na fuloti ɗaya da aka kewaye da katangar bulo, aka bar ɗan fili a baya tsakanin kicin da tankin ruwa. Maigidan ma'aikaci ne, ba manomi ba. Ya saba sayen bitrut a kasuwar 'Yankaba ana markaɗa masa da karas, kuma yawancin wanda ake samu a can daga Jos ake kawo shi, kowane kai bai wuce girman lemon zaƙi ba. Wata rana ya ga hotunan gasar manyan kayan lambu da ake yi duk watan Satumba a Malvern ta ƙasar Ingila, ƙasar da aka taɓa auna bitrut ɗaya da ya haura kilo 20 a cikinta, sai ya ƙudurta shi ma zai gwada. Rani biyu ya yi yana gwadawa a fangali mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1.2. A na farko, mafi girman abin da ya haƙo bai kai giram 200 ba. A na biyu ya haƙo mai kilo 2.8. Yawan takin da ya zuba a karo na biyu bai kai na karon farko ba, kuma wannan shi ne abin lura a cikin lamarin.

Kafin a shiga bayanin, a san shukar tukuna. Bitrut ba gwaza ba ne, ɗan dangin alayyafo ne, asalinsa kuma daga gaɓar tekun Bahar Rum. Sanyi yake so: ya fi ƙulla kai mai kyau idan zafin iska yana tsakanin digiri 15 zuwa 21. A Kano babu watan da yini ke tsayawa a nan. Abin da muke da shi shi ne hunturu, lokacin da dare kan sauko zuwa digiri 13 ko 14 a Disamba da Janairu, yini kuma ya tsaya wajen digiri 30. Daren nan mai sanyi shi ke ba shukar damar adana sukarin da ganye ya haɗa da rana maimakon ta ƙone shi. Da Maris ya shigo, zafin yini ya doshi 37, a Afrilu ya taɓa 40, to ƙofa ta rufe. Ke nan duk mai son ƙaton bitrut a Kano kwana 110 zuwa 120 gare shi, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Duk ranar da aka ɓata a farkon wannan lokaci, ba za a rama ta a ƙarshe ba.

Ranin farko

An yi shuka a tsakiyar Janairu, don sai a lokacin maigidan ya samu hutu. An kafa fangalin a gindin katangar kudu, wai don inuwa ta kare shi daga rana. An kafta ƙasar da fartanya zurfin da bai wuce tafin hannu ba, aka zuba ɗanyen kashin kaji rabin buhu da toka daga murhu, aka watsa irin fakiti guda kamar yadda ake watsa na alayyafo. Ya tsiro kuwa, fiye da tushe 150, cunkus. Ba a rage ko ɗaya ba, domin ganin su kore shar ya sa ana jin tausayin cirewa. Ban ruwa da ruwan wanke-wanke ake yi, wani lokaci da na wanki mai kumfar omo, ran da aka manta kuma shi ke nan. Bayan wata ɗaya aka ƙara yuriya da hannu, ba awo. Ganye ya yi tsawo ya yi kyau, har uwargida ta riƙa tsinka tana sa wa a miya, kuma ba laifinta ba ne, ganyen bitrut yana da daɗi.

A ƙarshen Maris, ganye ya fara yaushi tun hantsi, aka haƙe. Yawancinsu siraran saiwoyi ne kamar ɗan yatsa. Wasu sun yi rassa biyu ko uku da gashi buzu-buzu. Guda goma sha wani abu da suka ɗan yi kai, da aka yanka sai ga fararen zobba a ciki maimakon ja wur, naman ya yi zare-zare, kuma a cikin da yawa daga cikinsu akwai baƙaƙen tabo masu tauri kamar toshiyar kwalba.

Kowace alama a nan tana da dalilinta, kuma yana da kyau a rarrabe su, don mutane kan haɗa su duka su ce irin ne ba shi da kyau.

Siranta daga cunkoso ne da inuwa. Abin da ake kira ƙwayar irin bitrut ba ƙwaya ɗaya ba ce, busasshen ƙunshi ne mai ɗauke da 'ya'ya biyu zuwa huɗu, wani lokaci biyar. Ko da a ce an jera su ɗai-ɗai, sai an dawo an rage. Maganar inuwa kuma ta fi ba mutane mamaki. Kano tana kan layin digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, a watan Disamba rana tana karkata kudu, da tsakar rana ba ta wuce digiri 55 sama da ƙasa. Katanga mai tsayin mita 2.5 a kudancin fili tana jefa inuwar kusan mita 1.8 a wannan lokaci, ko da azahar. Fangali mai faɗin mita 1.2 da ke gindinta ya shige inuwa gaba ɗaya. A tsakiyar Janairu da farkon Fabrairu inuwar ta ɗan ragu, amma ba ta saki fangalin ba sai da zafi ya riga ya zo. Bitrut yana buƙatar rana kai tsaye aƙalla awa shida.

Rassan saiwa daga ɗanyen taki ne da baraguzan gini. Uwar saiwa tana sauka ta ci karo da guntun bulo ko dunƙulen kashin kaji mai zafi, sai bakinta ya mutu ta fitar da rassa ta gefe. Fararen zobba da zare-zare kuwa aikin zafi ne da ban ruwa na yau a yi gobe a bari. Yawan ganye ba kai, aikin yuriya ne a kan kashin kaji: naitirojin ya yi yawa, shuka ta ga ba ta da dalilin yin ajiya. Tsinkar ganye ta ƙara dagula lissafin, tunda ganyen ne ke dafa abincin da kai ke tarawa.

Baƙin tabon ciki shi ya fi cancantar a tsaya a kai, domin shi ne wanda masu lambun gida ba su cika ganewa ba. Ƙarancin sinadarin boron ne. Bitrut yana cikin shukokin da suka fi kowa buƙatarsa, ƙasar jigawa mai rairayi kuma dama ba ta riƙe shi. Sannan idan ƙasa ta yi kanwa-kanwa, wato ma'aunin pH ya haura 7.5, ko boron ɗin yana nan saiwa ba ta iya ɗauka, musamman in ƙasar ta bushe. A wannan fangali abubuwa uku suka taru suka ɗaga ma'aunin: ragowar siminti da aka bari tun lokacin gini, tokar murhu, da ruwan sabulu. Toka ba abar ƙi ba ce a gonar da ƙasarta ke da tsami, amma a bayan gidan da aka cike da baraguzai, ƙara ta cuta ce. Wanda ke son tabbatarwa yana iya kai samfurin ƙasa sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero a auna masa, ko ya sayi takardar gwaji a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ake so shi ne tsakanin 6 da 7.5.

Gyaran da aka yi kafin rani na biyu

Aikin ya fara tun Satumba, damina ba ta gama ɗaukewa ba, ƙasa da sauran laushi. An mayar da fangalin gefen arewa, nesa da katangar kudu da fiye da mita 3, aka kuma bar rabin mita tsakaninsa da katangar arewa don kada zafin bulo ya riƙa dukan ganye a Fabrairu. An haƙa zurfin santimita 45, wato kusan zuwa gwiwa. Wannan shi ne aiki mafi wahala a duk lamarin, ya ci yini biyu, kuma an fitar da baro uku na guntayen bulo, leda da ƙusoshi. An tace ƙasar da wayar raga irin ta masu tace yashi. Gurbin abin da aka fitar an cike shi da ƙasar gona da aka sayo, ba ta bola ba.

Taki kuwa, bokitin fenti biyu na kashin awaki da tumaki wanda ya shekara a jibge, ya zama baƙi, yana marmashewa a hannu ba wari. Ya kama kilo 4 zuwa 5 a kowace murabba'in mita. An tsince gwazarma da ke ciki aka ba kaji. An gauraya shi da ƙasar har ƙasa, ba a sama kawai ba, aka jiƙa, aka bar shi mako uku. Kwana biyu kafin shuka aka watsa kamfa, NPK 15-15-15, gwangwanin madara ɗaya a shafe, kimanin giram 160 ga fangalin duka, aka bi da manjagara. An ɗaga fangalin santimita 10 sama da ƙasa, aka yi masa ɗan baki a kewaye don ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya gangare.

Sai zaɓen iri, wanda shi ke yanke iyakar girman da za a iya kaiwa. Wanda ya fi yawa a shagunan iri shi ne Detroit Dark Red, mai kai zagayayye, wanda aka tsara a cire shi a kwana 55 zuwa 65. In aka ba shi fili da lokaci zai wuce haka nesa, amma yana da iyaka. Manyan da ake gani a hotuna yawanci daga jinsin mangel suke, irin su Mammoth Red, wanda Turawa suka daɗe suna nomawa don ciyar da shanu da tumaki a lokacin sanyi. Akwai kuma Lutz Green Leaf, wanda aka san shi da rashin yin tauri ko ya girma. Maigidan ya samu Detroit a gari, ya kuma yi odar fakitin mangel ta intanet. Kafin shuka ya gwada su: ƙunshi 20 na kowanne a cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ɗaki mai sanyi, ana yayyafa ruwa kullum. A kwana na goma an ƙirga waɗanda suka fasa. In ƙasa da 14 suka fasa cikin 20, gara a sake iri. Wannan gwaji ba ɓata lokaci ba ne, domin fakitin da ya yi watanni a rataye a rumfar kwano yana shan zafi kan mutu tun kwanan da aka rubuta a jikinsa bai cika ba.

Shuka da ragewa

An shuka a makon ƙarshe na Oktoba. An jiƙa irin a ruwa daga magariba zuwa safe, aka tsiyaye, aka ɗauraye. Ɓawon ƙunshin yana ɗauke da wani abu da ke jinkirta tsiro, jiƙon yana wanke shi. Layi uku aka ja, tazarar santimita 40 tsakanin layi da layi, 40 kuma tsakanin rami da rami, ya ba da rami 21: layi biyu Detroit, layin arewa mangel, don shi ya fi tsawon ganye kada ya yi wa sauran inuwa. Mai noman kasuwa santimita 10 yake bari, domin shi yawa yake nema. Kowane rami ƙunshi biyu, zurfin santimita 2, gaɓar yatsa ɗaya ke nan, aka rufe aka ɗan danna da tafin hannu.

Ƙarshen Oktoba a Kano da sauran zafi, ƙasar da rana ta daka tana iya wuce abin da irin zai jure. Saboda haka an shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama a kan fangalin, ana ba da ruwa safe da yamma kaɗan-kaɗan. A kwana na shida aka fara ganin jajayen wuyan tsiro, nan take aka janye ciyawar daga kan ramukan, don in an bari tsiron zai yi dogon wuya ya faɗi. An kewaye fangalin da tsohon gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru har tsawon mako uku.

Me ya sa ba a yi reno a dasa ba, kamar yadda manoman Kura da Kadawa ke yi wa tumatir da albasa? Domin abin da ake nomawa a nan shi ne saiwar kanta. In ta tsinke wajen cira, ko ta lanƙwashe wajen dashe, kan zai fito a karkace ko da rassa. Wanda ya matsu ya fara da wuri yana iya reno a ledar dashe, tsiro ɗaya a leda, ya yanke ledar ya saka da ƙasarta kafin ganye na huɗu. Amma shuka kai tsaye ta fi aminci.

Ragewa sau biyu aka yi. Da tsiro ya kai santimita 5, aka bar biyu mafi ƙarfi a kowane rami. Da ya cika mako uku da rabi, aka bar ɗaya tal. Da almakashi aka yanke su daidai ƙasa, ba tugewa aka yi ba, saboda saiwoyinsu a harɗe suke, in ka ja ɗaya ka girgiza wanda za ka bari. Waɗanda aka yanke su ne rabon miya. Daga nan aka yi yarjejeniya a gidan cewa ba mai taɓa ganye sai wanda ya yi rawaya ya kwanta da kansa, aka kuma shuka alayyafo a can gaban gida don kada tukunya ta rasa.

Ruwa

In da za a ce a zaɓi abu ɗaya da ya fi wahalar riƙewa har wata huɗu, to ruwa ne. Iskar hunturu busasshiya ce, tana zuƙe lita 5 zuwa 6 daga kowace murabba'in mita a yini. Fangalin murabba'in mita 3.6 ne, ke nan wajen lita 20 kullum idan ganye ya rufe ƙasa, kusan jarka ɗaya ta 'yan garuwa. A makonnin farko rabin haka ya isa. A Fabrairu sai da aka kai jarka da kwata, wani lokaci da rabi. Da safe ake bayarwa, a gindi, da buta mai rariya. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a tura yatsa har ƙarshe, in an ji danshi mai sanyi ba taɓo ba, daidai ne. An daina amfani da ruwan wanki kwata-kwata. Ruwan kwata ma bai dace ba ko kaɗan, tunda abu ne da ake markaɗawa ɗanye a sha.

Bayan ragewa ta biyu aka rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa kaurin yatsa uku, aka bar ɗan zagaye a gindin kowace shuka. Ɓuntun shinkafa ma yana yi. Rufin nan ya rage bushewa, ya hana ciyawa, ya kuma sa ba a buƙatar sa fartanya kusa da kai, wanda ko ƙwarzane kaɗan ya samu sai ya bar tabo. Sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara. Sau ɗaya a mako ana wanke ƙurar hunturu daga ganyen da yayyafi da sassafe, don ya bushe kafin rana ta take.

Ƙarin taki da boron

A mako na biyar aka ba da yuriya cokalin cin abinci uku a shafe, kimanin giram 35, aka narkar a jarkar ruwa aka raba wa fangalin duka, aka bi da ruwa zalla don kada ya ƙona ganye. A mako na takwas aka ƙara kamfa rabin gwangwanin madara, a ɗan rami nesa da gindi da faɗin tafin hannu. Daga nan ba a ƙara komai ba har girbi. Jarabar ƙara yuriya tana da ƙarfi a watan Janairu, lokacin da mutum ke ganin kai ya fara kumbura yana so ya taimaka masa. Kada a yi. Sabon ganye zai ɓullo, kai ya tsaya, kuma ya fi saurin tsagewa.

Boron sau ɗaya aka ba da, a mako na huɗu. Garin boraks ake amfani da shi, wanda maƙeran zinariya da masu walda ke aiki da shi, ana kuma samunsa wurin masu sayar da sinadarai a Sabon Gari. Awon giram 1 ne ga murabba'in mita, wato ga wannan fangali bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A narkar da shi a kofin ruwan ɗumi tukuna, don ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sannan a juye a lita 20 a zuba ko'ina daidai. A nan ba a ƙara ko kaɗan don neman albarka. Tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da zai ƙone shuka ƙanƙanuwa ce, kuma in ya yi yawa a ƙasa fitar da shi sai ruwan damina. A ajiye ragowar inda yara ba za su kai ba, don kamar gishiri yake a ido.

Ƙwari ba su dame shi sosai ba, wannan na daga cikin alherin noman rani. A Nuwamba an ga 'yar koriyar tsutsar nan da ke cin alayyafo, mai naɗe ganye da zare tana ci daga ƙasa har ya zama kamar raga. Tunda tushe 21 ne kawai, tsincewa da hannu da sassafe ta wadatar na mako guda. Da suka ƙaru aka daka 'ya'yan darbejiya, giram 50 a lita ɗaya, aka jiƙa kwana guda, aka tace da ƙyalle, aka fesa da yamma ana kai wa ƙarƙashin ganye, sau biyu da tazarar mako.

Abin da ya lalace duk da haka

A tsakiyar Janairu an yi kwana huɗu ba wuta, tanki ya ƙafe, maigidan kuma yana tafiya. Da ruwa ya dawo aka kwarara jarka uku a lokaci ɗaya don a rama. Kwana biyu bayan haka Detroit biyu suka tsage daga kafaɗa zuwa ƙasa. Dalilin shi ne fatar ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri a kwanakin ƙishi, naman ciki ya sha ruwa ya kumbura da sauri fiye da yadda za ta iya buɗewa. Da an dawo da ruwan a hankali, rabin jarka da safe rabi da yamma na kwana biyu, da wuya su tsage. Da ma an sayi ruwa wurin mai garuwa a waɗannan kwanaki, jarka huɗu kawai ake buƙata. Sauran da ba su tsage ba ma sun ɗauki shaidar abin: kowanne yana da zobe ɗaya mai haske a cikinsa.

Ɓera ya ci kafaɗar mangel ɗaya. Shi mangel rabinsa ko fiye a waje yake girma, haka halittarsa take, ba sai an tara masa ƙasa ba, amma hakan na sa ya zama abin sha'awar ɓeraye. Bayan nan aka sa tarko. Wani Detroit ɗaya kuma ya fito da ƙafa biyu, da aka duba ramin sai ga guntun tayil da ya tsallake tata.

Girbi

An haƙe a makon ƙarshe na Fabrairu, kwana 120 ke nan da shuka, da aka ga tsofaffin ganye sun fara kwanciya tun kafin azahar ko da akwai danshi. An jiƙa fangalin da daddare, da safe aka sassauta ƙasa da shebur daga nesa, aka ɗaga da hannu biyu. Tushe 17 ne suka fito lafiya. Detroit 11, daga giram 600 zuwa kilo 1.1. Mangel 6, mafi ƙanƙanta kilo 1.7, mafi girma 2.8, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya. Da aka yanka babu baƙin tabo ko ɗaya.

Shin za a iya kai wa kilo 20 a Kano? A'a, kuma bai kamata a yaudari kowa ba. Masu gasa a Ingila suna fara reno a ɗakin gilashi tun ƙarshen hunturunsu, shukar ta yi wata shida ko bakwai tana girma a yanayi mai sanyi da dogon yini. Mu wata huɗu gare mu. Kilo 3 zuwa 4 na mangel buri ne mai ma'ana ga wanda bai rasa rana ɗaya ta ruwa ba. Barin shi ya shiga Maris ba zai ƙara nauyin kirki ba, tauri kawai zai ƙara.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan amfani ga mai gida: girman nan ya biya? Ta fuskar ci, Detroit masu giram 600 zuwa 700 sun fi masu kilo laushi da zaƙi. Mai kilo 1.1 sai da ya yi kusan awa biyu a kan wuta, amma a markaɗe an tace bai da aibu, ya kuma ba da ruwa mai yawa. Mangel cikinsa fari ne da ratsin ja-ja, yana da zaƙi amma ba ya ba da launin nan da ake so a jus ko a zoɓo. Yawancinsa awaki aka yanyanka wa, kaɗan-kaɗan a haɗe da harawa, bayan ya yi kwanaki a ajiye, domin sabon haƙa da yawa yana sa su zawo. Ba a cika wa rago shi, saboda an san yana jawo wa mazan tumaki tsakuwar mafitsara. Shawarar da ta fi dacewa da gida mai fangali ɗaya ita ce a ware layi ɗaya na manya da tazarar santimita 40, sauran a yi tazarar 15 a riƙa cira daga kwana na 60. A haka gidan zai ci bitrut wata biyu cur, a kuma samu na nunawa.

Wajen ajiya, murɗe ganyen ake yi a bar santimita 3 na kara, kada a yanke jelar saiwa, in ba haka ba jan ruwan zai tsiyaye wajen dafuwa. Ba a wankewa sai za a yi amfani da shi. An binne su a cikin ɗan danshin yashi a tsohuwar randa a lungu mai sanyi, sun yi mako uku lafiya kafin zafin Maris ya sa suka fara laushi. Wanda bai saba ci ba kada ya firgita in ya ga fitsarinsa ya yi ja, launin ne kawai. Mai fama da tsakuwar ƙoda kuma ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da shi abin sha na kullum, musamman ganyen.

An bar tushe ɗaya daga cikin waɗanda suka tsage a ƙasa da fatan zai yi fure a samu iri. Bai yi ba, ya ruɓe a Afrilu. Bitrut shekara biyu yake yi kafin ya ba da iri, kuma sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni a tsakani, irin wanda hunturun Kano ba ya kaiwa. Don haka ragowar fakitin aka zuba a kwalba mai murfi aka sa a ƙasan firji, za a sake gwada shi a tsumma a farkon Oktoba. Fangalin kuma masara za a sa masa da damina. Ba za a sa alayyafo ba don ƙwarinsu ɗaya, ba za a sa tumatir ko kuɓewa ba don suna tara tsutsar ƙasa mai sa saiwa ƙulli-ƙulli, wake ma sai an jinkirta, saboda ba ya jure ragowar boron.